Air Gear: labarin yaran da ke tashi sama da takalmin taya, da abin da ya sa ba na ƙanana ba ne

A gidaje da yawa, da zarar an hango zane a fuskar wayar yaro sai hankali ya kwanta, a ce ai "desan anime" ne, wasan yara. A Japan ba haka lamarin yake ba. Can littafin zane, wanda suke kira manga, babbar sana'a ce mai rassa: akwai na ƙanana, na ƴan mata, na samari, har da na magidanta. Air Gear na cikin waɗanda suka fi nuna yadda iyakar da ke tsakanin waɗannan rassa ke da rauni.

Mai zanen sunansa Ogure Ito, amma duniya ta fi saninsa da laƙabin Oh! great. Ya fara fitar da Air Gear a shekarar 2002 a mujallar Weekly Shonen Magazine ta kamfanin Kodansha, ya kammala a 2012, cikin littattafai 37. A 2006 aikin ya ci lambar yabo ta Kodansha a rukunin shonen, wato manga na samari, kuma a wannan shekara ce kamfanin Toei ya mayar da farkon labarin fim na tele mai kashi 25. Fassarar Faransanci ta fito daga kamfanin Pika, ita ce ƙofar da mai karatu da ya yi lakkol da Faransanci ke shiga. Ana karanta shi daga dama zuwa hagu, abin da ke rikita Bature a ranar farko amma ba ya ba wanda ya san ajami wahala.

Ginshiƙin labarin wani takalmi ne da babu shi a zahiri. Takalmin taya ne, irin wanda ake kira rola, amma an saka masa ɗan ƙaramin inji mai ƙarfi, ana kiransa Air Treck. Wanda ya iya shi yana hawa bango, ya bi kan wayoyi, ya tsallake daga rufin bene zuwa wani. Jarumin, Itsuki Minami, ana ce masa Ikki, ɗan shekara 13 ne, shugaban ƴan faɗan makarantarsu, mai baki da cika, har wani ɗan hankaka ya yi sheƙa a gashin kansa. Yana zaune a gidan ƴan mata huɗu, ƴan gidan Noyamano, waɗanda suka riƙe shi kamar ɗan uwa. Wata ƙungiyar masu takalmin ta yi masa dukan wulaƙanci, daga nan ya gano cewa ƴan uwan nasa na cikin wata shahararriyar ƙungiya mai suna Sleeping Forest. Ya saka takalmin, ya ɗanɗana iska, bai sake zama ba.

Duniyar da ya shiga tana da dokoki. Kowace ƙungiya tana da tambarinta, kuma idan aka yi karo ana iya saka tambarin a caca: wadda ta faɗi ta rasa sunanta. Ana hawa mataki daga F zuwa A, kowane da irin gasarsa, daga tsere zalla har zuwa kokawa a cikin keji da farautar balan-balan a sama. A ƙoli akwai "sarakuna", kowa da hanyarsa, ta iska, ta wuta, ta ƙaya, ta tsawa. Wannan tsani shi ne injin kusan duk manga na samari: kowane mako a ba mai karatu abokin gaba da ya fi na jiya.

Inda Air Gear ya fi ƙarfi kuwa, ba a kan Ikki ba ne. Ikki haifaffen gwani ne, an faɗa tun farko cewa iska na sonsa, kuma irin wannan jarumi ba ya canzawa sosai, sai dai ya ƙara girma. Mutumin da labarin ya gina da gaske shi ne abokinsa Kazu, siririn yaro mai hula da ba ya rabuwa da ita, wanda ya saba tsayawa a bayan Ikki har mutane ba sa lura yana wurin. Kazu ya fi kowa gudu a ƙungiyarsu ta Kogarasumaru, amma shi ne na ƙarshe da ya yarda da haka. Duk lokacin da aka yabe shi sai ya ga kamar kuskure aka yi. Sarkin wuta, Spitfire, wanda a rayuwar yau da kullum mai gyaran gashi ne, shi ya hango abin da ke cikinsa. Da aka kashe Spitfire, gadon ya faɗo a kan Kazu ba tare da ya shirya ba, kuma mai zanen bai yi gaggawa ba: littafi bayan littafi ana ganin yaron yana faɗuwa, yana jin kunya, yana komawa atisaye, kafin ya tsaya gaban wanda ya kashe malaminsa. Matashin da ya taɓa zama inuwar wani aboki mai farin jini zai gane kansa a nan.

Haka ma Agito, yaron da ke ɗauke da hali biyu a jiki ɗaya, ɗaya mai taushi, ɗaya mai zafi, alamar sauyawarsu ita ce ƙyallen da ke rufe ido ɗaya yana komawa ɗayan. Yayansa ya riƙe shi kamar makami, kuma shigarsa ƙungiyar Ikki ce ta koya masa zama da mutane. Shi kansa Ikki sai da mutumin da ya koya masa tashi, Sora, ya ci amanarsa sannan ya san cewa sama ma tana da masu son mallake ta.

Sai kuma ɗaya fuskar. Masu wannan harka suna da kalma, fansabis, ma'ana abin da aka saka don a faranta wa mai saye rai ko da labarin ba ya buƙatarsa. Yana iya zama hoton mota ko na makami, amma galibi ana nufin nuna jikin mace: kayan da ke yagewa a tsakiyar faɗa, ƙofar wanka da ke buɗewa "bisa kuskure", kusurwar zane da aka zaɓa da gangan. Oh! great ya fara sana'arsa ne a tsakiyar shekarun 1990 da zanen manya zalla, kafin ya yi suna da Tenjho Tenge, kuma wannan hannu bai bar shi ba. A Air Gear abin ya yi yawa, har ya shiga cikin dokokin labarin kansa: ƴan matan da ke gyara wa sarakuna takalmansu, an tsara cewa aikin ba ya yiwuwa sai da kusantar jiki da kaya marasa kauri. Abin da ya fi damun masu suka shi ne yawancin waɗannan ƴan mata, bisa labarin, ɗaliban kwaleji ne.

Asarar ta fi faɗawa kan Ringo. Ita ce ta girma tare da Ikki, ita ce kuma a ɓoye shugabar Sleeping Forest, mai ɗauke da nauyin hana kowa kai wa ƙolin hasumiyar da duk mahayan ke buri, ko da wanda take so ne. Karonta da Ikki na cikin wurare mafi kyau a dukan littattafan. Amma ita ɗin ce, idan za ta taimake shi a ɓoye, ake sa ta ɓad da kama cikin kayan ninƙaya don a yi dariya. Kazu ya sami shafukan da zai girma a ciki. Ita an raba nata tsakanin halinta da surarta.

Dalilin kasuwa ne. Kalmar shonen ba tana nufin an tace abin don yara ba, tana faɗin wa ake son ya saya: namiji daga kwaleji zuwa sama. Mujallar mako-mako na gwada farin jinin kowane labari, wanda ya yi sanyi a yanke shi. A Japan ma ba a rasa gardama ba. A watan Disamban 2010 majalisar birnin Tokyo ta tsaurara dokar sayar wa ƴan ƙasa da shekara 18 wasu littattafan zane, manyan kamfanoni, har da Kodansha, suka ƙaurace wa bikin anime na birnin don nuna fushi. A Faransa kuwa tun 1989 Ségolène Royal ta rubuta littafi tana sukar finafinan zanen Japan da ake nuna wa yara a tele, duk da haka ƙasar ta zama babbar kasuwar manga bayan Japan.

Rabin ƙarshe na Air Gear ya bar titi ya koma wani abu dabam. Yaran da aka ƙirƙira a ɗakin bincike, jirgin ruwan yaƙi, har da wani ɗan siyasar Amurka mai suna John Omaha, wanda kowa ya gane da wa ake, ya yi musayar jiki da wata ɗaliba. Masu karatu da yawa sun ɓace a nan, zanen ne kawai ya riƙe su, don Oh! great na cikin ƙalilan da ke iya sa takarda ta yi kamar tana gudu. Fim ɗin 2006 bai kai wannan wuri ba, ya tsaya a farkon hawan Kogarasumaru, kuma ya fi littafin sauƙi ta fuskar tsiraici. Wanda ya kalli fim ɗin tare da ɗansa, bai ga abin da ke cikin littattafai 37 ɗin ba tukuna.