Me Ya Sa Shafi Ke Hargitsewa A Manhajar Kwamfuta Amma Ya Buɗe Lafiya A Chrome?

Wataƙila ka taɓa buɗe wata manhaja a kwamfuta ka tarar rubutu ya hau kan hoto, maɓallai sun tarwatse, ko kuma fili fari fat babu komai. Da ka buɗe shafin a Chrome, sai ya fito tsaf. Kada ka zargi data ko intanet ɗinka, matsalar tana cikin manhajar.

Manhajoji da yawa suna ɗauke da 'yar ƙaramar burauza a cikinsu, ita ke nuna shafukan HTML. Wayarka ma tana da irinta, wato Android System WebView. A watan Maris na 2021, wani sabunta ta da aka yi ya sa Gmail da wasu manhajoji suka riƙa rufe kansu a wayoyin jama'a.

Ina matsalar take a Windows?

Tsofaffin manhajojin Windows suna amfani da WebBrowser, wanda ke aiki da injin Internet Explorer. Ko da Internet Explorer 11 ne a kwamfutar, shi da tsarin Internet Explorer 7 na shekarar 2006 yake karanta shafi, sai in an umarce shi ya canza. Shafin yau a idon burauzar 2006, dole ya hargitse.

Yadda ake gyarawa

Idan shafin naka ne, saka wannan layin a farkon sashen head:

`<meta http-equiv="X-UA-Compatible" content="IE=edge">`

Idan ba naka ba ne, buɗe Registry Editor, ka nemo FEATURE_BROWSER_EMULATION a ƙarƙashin Internet Explorer. Ƙirƙiri DWORD da cikakken sunan fayil ɗin manhajar har da .exe, ka zaɓi Decimal, ka rubuta 11001, sannan ka rufe manhajar ka sake buɗe ta. Ka adana kwafin Registry kafin ka taɓa komai, domin kuskure a nan na iya rikita Windows.

Sai dai wannan faci ne kawai. Microsoft ta daina tallafa wa Internet Explorer 11 ranar 15 ga Yuni, 2022, kuma shafukan zamani da yawa ba sa aiki da shi. Maganin dindindin shi ne mai manhajar ya koma WebView2, wanda ke amfani da injin Edge.

Idan kuwa sabuwar manhaja ce ke nuna maka farin fili, ka duba ko akwai WebView2 Runtime a kwamfutarka. In babu, sauke shi daga shafin Microsoft.