Leƙen Hanji Ba Tare Da Allurar Barci Ba: Yadda Ake Rage Zafinsa

Mutane da yawa idan likita ya ce za a yi musu kolonoskofi, wato a leƙa babban hanji da kyamara ta dubura, sai su ce bari su je su dawo. Shi ke nan, ba a ƙara ganinsu. Wani yana ganin jini a bayan gida wata da watanni, yana ta shan jiƙon basir, har ciwon daji ya yi nisa. Galibi tsoron zafi ne ke korar su, musamman inda ba a yin allurar barci, ko kuɗinta ya fi ƙarfin aljihu.

To, daga ina zafin yake fitowa? Tsawon babban hanji ya kai kusan mita 1.5, kuma a lanƙwashe yake. Na'urar kuwa kamar tiyo ce mai kaurin yatsa. Fatar cikin hanji ba ta jin yanka, shi ya sa ko an cire tsiro mutum ba ya sani. Abu biyu ne ke kawo ciwon: iskar da ake hurawa don hanji ya buɗe, da kuma jan da hanjin ke sha idan tiyon ya naɗe a lanƙwasar da ke ƙasan ciki ta hagu.

Kowanne da dabararsa. Maimakon iska, likita na iya zuba ruwan ɗumi yayin shiga. Majinyaci na kwance a gefen hagu, nauyin ruwan sai ya rage kaifin lanƙwasar, tiyo ya wuce da sauƙi. Wasu asibitocin kuma iskar kabon dayokzaid suke hurawa, wadda jiki ke tsotsewa da sauri ya fitar ta numfashi, ciki bai daɗe a kumbure ba. Idan tiyo ya naɗe, nas kan danna ciki da tafin hannu, ko a ce ka juya rigingine. A ƙasashe irin su Nowe da Japan, ba baƙon abu ba ne a yi aikin mutum yana farke.

Kai ma da naka aikin. Ka shanye maganin wankin cikin duka yadda aka umarta, don hanji mai tsabta ya fi saurin dubawa. Ka riƙa jan numfashi a hankali, ka saki cikinka. In iska ta taso ka sake ta, ai nan ba wurin kunya ba ne. Riƙe ta ne ke ƙara murɗa. Da ka ji zafi ka faɗa, likita zai ja baya ya warware naɗin. Batun sutura kuwa, ana rufe jiki da zane, kuma mace na da damar tambaya ko akwai likita mace.

Sai dai ba kowa ne zai iya ba. Siraran mata da waɗanda aka taɓa yi wa tiyata a ciki, kamar cire mahaifa, sun fi shan wuya. Irin waɗannan su faɗa wa likita tun kafin ranar. Kuma kowa na da haƙƙin cewa a dakata a ba shi magani.

Aikin kan ɗauki kamar minti 30. Wanda aka yi wa a farke zai ga hanjinsa a allo, ya ji bayanin likita da kunnensa, ya koma gida da ƙafarsa ba sai da ɗan rakiya ba. Kafin a ba ka rana, tambayi asibitin: da ruwa kuke yi, ko da wace iska?