Giyar tarakta: abubuwan mamaki daga Iowa zuwa Galmi

Kafin ka zuba kuɗin albasar bana a ƙaramar tarakta, duba sandar nan da ke gaban kujerar direba. Labarinta na da tsawo.

A 1892, a jihar Iowa ta Amurka, John Froelich ya haɗa tarakta mai shan fetur, kuma abin da ake tuna ta da shi har yau shi ne tana gaba tana baya. Fordson ta 1917 giya uku gare ta na gaba, ɗaya ta baya, da su kawai ta nome gonakin Ingila a yaƙin duniya na farko.

Mai kamfanin Lamborghinin nan na motocin alfarma, da tarakta ya fara a 1948. Motocin sai 1963, bayan kulocin Ferrarinsa ya ishe shi, kamar yadda ake ba da labari.

A 1967 kamfanin International Harvester ya fito da wadda ba a sa mata giya: famfo ke tura mai, man ya juya ƙafafu. A ƙananan taraktocin yanzu feda biyu ne, ka taka ɗaya ta yi gaba, ka taka ɗayar ta dawo. Duk wanda ya ga ƙuncin fangalin albasa a Galmi, inda juyawa ta fi tafiya yawa, zai so ta, ni ma ina sonta. Sai dai wani kaso na ƙarfin injin zafi yake zama a cikin man, ga ranar Afrilu da kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. Tsaba kaɗan ta shiga man nan, famfo ya tafi, kuɗinsa kuwa ba na wasa ba ne.

Fendt Vario ta Jamus, wadda aka nuna a 1995, tana iya rarrafe mita 20 a awa guda. Kunkuru ya fi ta sauri.

Massey Ferguson 375 ƙirar Pakistan, wadda ƙasar Hausa ta saba da ita, ana cewa giyarta takwas. Huɗu ne, ƙaramar sanda ke ninka su, sama da ƙasa.

A gonakin rani na Ƙonni, fiye da hekta 2,000 da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango, laka ce mai kama garma. Nan kam giya mai haƙori nake zaɓa, haka ma in za a ja tirela shaƙe da buhunan simintin Malbaza. Haƙori kan haƙori ba ya ɓarnar ƙarfi sosai, in kuloci ya ƙone bakanike ya raba taraktar gida biyu a gindin bedi, ya sa sabo. In kayan gyara sun yi wuya a tsallaka Illela, ta Najeriya ba tamu ba, a miƙe Sakkwato.