Me Ke Bayan "Bincike Ya Gano"?

Da wuya mako ya wuce ba a turo maka saƙo a WhatsApp da ya fara da "bincike ya gano" ba. Yau a ce ruwan sanyi ne ke kashe ƙoda, gobe a ce wani ganye na raba mutum da ciwon suga har abada, jibi mai tallar magani da lasifika a bayan mota ya rantse likitocin Turai sun tabbatar da garinsa. Wasu daga ciki ƙarya ce tsagwaronta, babu binciken da aka yi. Waɗanda suka fi wuyar sha'ani su ne masu rabin gaskiya: an yi binciken, an buga shi a mujallar likitoci, amma abin da ya iso kunnenka ya sha bamban da abin da masu shi suka rubuta. Mafi yawan irin wannan bincike a kan hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki yana tsaye ne a kan wani lissafi da masana ƙididdiga ke kira rigireshan. Ba sai ka iya lissafin ba, amma yana da kyau ka san abin da yake iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa.

Bin sawun maleriya ba wuya: an ɗebi jini, an ga ƙwayar cutar, magana ta ƙare. Cututtuka masu daɗewa ba su da ɓarawo guda da za a kama dumu-dumu. Sukan ɗauki shekara ashirin ko talatin suna ginuwa, kuma abubuwan da ake zargi a ayari suke tafiya. Mai ƙiba sau da yawa shi ne mai yawan zama, shi ne wanda shekarunsa suka fara ja, shi ne kuma mai hawan jini. In zuciyarsa ta buga, wa za a ɗora wa laifi? Kamar manomi ne da gonarsa ta fi ta maƙwabcinsa yabanya, aka ce ai takin zamani ya sa. To, amma mai kuɗin taki shi ne mai gona a fadama, shi ya sayi ingantaccen iri, shi ya ɗauki 'yan ƙwadago suka yi masa noma a kan lokaci. Kafin ka san rabon taki a cikin buhunan da ya samu, sai ka duba gonaki masu yawa, ka kwatanta waɗanda ƙasarsu da irinsu da nomansu ɗaya ne, taki kaɗai ya raba su.

Abin da rigireshan ke yi ke nan da mutane. Ana tattara bayanan dubban jama'a: shekaru, nauyi, awon jini, yawan kitse a jini, shan taba, da ko cutar ta same su. Tun da ba za a sami isassun mutanen da suka yi daidai a komai ban da abu ɗaya ba, sai lissafin ya yi amfani da taron gaba ɗaya ya ba kowane abu nasa nauyin, a bisa ƙaddara cewa sauran suna nan yadda suke. In ka ji an ce "bayan an yi la'akari da shekaru da nauyi da shan taba", wannan aikin ake nufi.

Inda hanyar ta yi suna shi ne wani ƙaramin gari mai suna Framingham a jihar Massachusetts ta Amurka. Ranar 12 ga Afrilun 1945 shugaban ƙasar, Franklin Roosevelt, ya rasu yana da shekara 63 sakamakon fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa, awon jininsa a ranar ya kai 300 bisa 190. A zamanin likitoci da dama na ganin hawan jini a jikin dattijo abu ne da jiki ke buƙata don jini ya ratsa jijiyoyin da suka ƙanƙance, saboda haka ba a cika taɓa shi ba. Shekara uku bayan rasuwarsa, a 1948, aka ɗebi maza da mata 5,209 na garin Framingham, 'yan shekara 30 zuwa 62, ana duba su duk bayan shekara biyu, ana jiran a ga wa zai kamu da ciwon zuciya. A 1961 Dakta William Kannel da abokan aikinsa suka fitar da rahoton da ya nuna hawan jini da yawan kitse a jini a matsayin abubuwan da ke ƙara haɗari. A 1967 Jeanne Truett da Jerome Cornfield da Kannel suka zuba abubuwa bakwai a lissafi guda, ciki har da shekaru, kitsen jini, awon jini, nauyi da taba sigari, suka nuna cewa mafi yawansu na da nasu rabon ko da an cire na sauran. Binciken bai tsaya ba: an shigar da 'ya'yan mutanen farko a 1971, jikokinsu a 2002. Tambayoyin da likita ke jero maka a yau, kana shan taba, shekarunka nawa, akwai mai hawan jini a gidanku, da yawansu daga can suka samo tushe.

Sai dai lissafin abin da aka ba shi kawai yake gani. In akwai wani abu da ba a auna ba, ko aka auna shi sama-sama, nauyinsa kan koma kan wani abin da ke tafiya tare da shi, a rataya wa marar laifi ko a yaba wa wanda bai yi komai ba. An daɗe ana ganin masu yawan cin karas da ganye da 'ya'yan itatuwa ba su cika kamuwa da kansar huhu ba, kuma jininsu na ɗauke da sinadarin beta-karotin mai yawa. Alƙaluma sun yi kyau, kamfanoni suka dunƙula sinadarin a ƙwayoyi, jama'a suka yi ta saye. Aka gwada a Finland a kan maza 29,133 masu shan taba, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu na shan ƙwayar wasu na shan ta bogi. Da sakamako ya fito a 1994, kansar huhu ta fi yawa da kashi 18 cikin 100 a wajen masu shan beta-karotin. A 1996 aka dakatar da wani gwaji makamancinsa a Amurka tun kafin wa'adinsa saboda an ga irin wannan sakamakon. Mai cin ganye da 'ya'yan itatuwa ya bambanta da wanda ba ya ci ta fuskoki da dama, kuma ganye ya ƙunshi abubuwa fiye da sinadari ɗaya. Wannan labarin ya kamata ya riƙa faɗo wa mutum a rai duk lokacin da aka miƙo masa kwalbar "ƙarin sinadari" mai tsada da sunan bincike.

Akwai wani ruɗanin da ya fi wannan cin rai a wajenmu, domin ba sai an buga shi a mujalla ba, a bakin ƙofar asibiti da zaman makoki ake yin sa. Za ka ji an ce, "Wane fa tun da aka fara yi masa allurar insulin bai ƙara lafiya ba," ko "Duk wanda aka kai wankin ƙoda sai dai a yi haƙuri." In da za a ƙirga, lallai za a tarar masu allurar insulin sun fi masu haɗiyar ƙwaya shan wahala. Dalili kuwa shi ne ba a cika kai mutum ga allura ko na'urar wanki ba sai ciwon ya ci jiki, musamman inda ake zuwa asibiti a makare bayan an gama zagaye. Tsananin ciwon ne ya kawo maganin, ba maganin ne ya kawo tsananin ba. Masu bincike kan yi ƙoƙarin saka tsananin ciwo a lissafi don su kauce wa wannan ramin, kuma duk da haka sukan faɗa. Ina ga mai hukunci da mutum biyu ko uku da ya sani? Mutane na ajiye maganinsu a kan irin wannan magana, kuma ba sa dawowa su ba da labari.

Abin da ke raba gardama shi ne gwajin ƙuri'a, irin na Finland ɗin nan, domin ƙuri'a ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san mai ƙiba ba, tana rarraba abin da aka auna da wanda ba a auna ba daidai wa daida. Hawan jini ya ci wannan jarrabawa tuntuni. A 1967 Dakta Edward Freis ya fitar da sakamakon gwaji a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka a kan maza 143 masu matsanancin hawan jini. Cikin 70 da suka sha ƙwayar bogi, 27 sun gamu da mummunar matsala. Cikin 73 da suka sha magani na gaske, biyu kacal. Daga nan maganar ta tashi daga alaƙa ta koma sanadi. Ba kowane abu ake iya gwadawa haka ba, don ba wanda zai sa mutane shan taba da ƙuri'a. A nan sai a duba girman alaƙar, da ko tana ƙaruwa da ƙaruwar abin, da ko an same ta a ƙasashe daban-daban, kamar yadda aka yi wa taba tun daga aikin Richard Doll da Bradford Hill a Ingila a 1950.

Wata tambayar ita ce: a kan su wa aka yi binciken? Mutanen Framingham kusan dukkansu fararen fata ne, kuma da aka gwada ma'aunin haɗarin da aka gina daga bayanansu a kan 'yan China sai ya zuzuta haɗarin ciwon zuciya fiye da yadda yake. Shi ya sa binciken SIREN ya dace a san shi a ƙasar Hausa. Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ne ya jagorance shi a asibitoci 15 na Najeriya da Ghana, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Tsakanin 2014 da 2017 an ɗauki mutum 2,118 da hoton ƙwaƙwalwa ya tabbatar sun sami shanyewar ɓarin jiki, aka haɗa kowannensu da wani sa'ansa a shekaru da jinsi da ƙabila wanda bai kamu ba, aka yi lissafin, aka buga a mujallar Lancet Global Health a 2018. Abubuwa 11 masu ƙara haɗari suka fito. Ciwon suga ya ninka haɗarin sau biyu da rabi. Ƙarancin cin ganye, irin su zogale da rama da alayyafo a wajenmu, ya ninka shi fiye da sau biyu, haka ma barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa. Cin nama a kai a kai ya ƙara shi da kusan kashi 60 cikin 100. Hawan jini kuwa ya ninka shi kusan sau 19, kuma an danganta kimanin tara cikin goma na shanyewar da shi.

Ka lura da tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma, domin nan ne mai tura saƙo ke yin ɓarna. Zai ɗauki maganar nama, don ta fi jan hankali, ya rubuta "bincike ya gano nama na shanye jiki", ya bar 19 ɗin a ƙasa. Alhali ta naman ita ce mai rauni. A irin wannan bincike ana tambayar mutum ne abin da yake ci bayan ciwo ya riga ya same shi, wani lokaci ma ɗan'uwansa ne ke amsawa don shi baki ya karkace, kuma wanda ciwo ya kayar yakan binciki rayuwarsa fiye da mai lafiya. Ban da haka, cin nama kullum a ƙasashenmu alamar hannu da shuni ne, wadata kuma kan zo da mota da kujera da lemon kwalba. Lissafi na rage wannan cuɗanya, ba ya share ta. Ƙaramar alaƙa irin wannan abin lura ce da ke jiran ƙarin hujja. Ninki 19 kuwa ya fi ƙarfin a ce kuskuren awo ne, balle ga gwaje-gwajen ƙuri'a sun mara masa baya.

Shi kansa "kashi kaza cikin ɗari" yana buƙatar a tambaya: ƙari a kan me? A 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cin giram 50 na sarrafaffen nama kullum, irin su tsiran Turawa da naman gwangwani, na ƙara haɗarin kansar hanji da kashi 18 cikin 100. Jaridu suka yi ta kururuwa. A Birtaniya kimanin mutum 6 cikin 100 ne ke kamuwa da wannan kansa a tsawon rayuwa, ƙarin kashi 18 kuma ya mai da su kusan 7. Ƙari ne na gaske, amma ba irin wanda kanun labarai suka sa mutane zato ba.

Kuma duk waɗannan alƙaluma na taro ne, ba na mutum ɗaya ba. Kowa ya san wani tsoho da ya sha taba har ya haura tamanin, ya kuma san wani matashi mai motsa jiki da ya yanke jiki ya faɗi. Babu ɗayansu da ya rushe lissafin, don lissafin bai taɓa cewa ya san ajalin kowa ba. Cewa ya yi in ka tara mutum dubu masu hawan jini da ba sa shan magani, da wasu dubu masu sha, za ka fi kai na farkon asibiti a kwance.

Matsalar hawan jini ita ce yawanci ba ya ciwo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin manyan da ke da shi ba su sani ba. Ciwon kai ko jiri ba ma'auni ba ne. Na'ura ce ma'auni, kuma ana samunta a ƙananan asibitocin unguwa da manyan kemis da dama, awon bai wuce 'yan mintoci ba. In ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, a sake aunawa a wata rana, in ya maimaita a ga likita. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya ji sauƙi ko don awon ya sauko, saukowar aikin maganin ce. In ƙwayar na damunsa, ya koma a canza masa wata, akwai iri-iri. Gishiri kuma, abin da hukumar ta ba da shawara shi ne ƙasa da giram 5 a yini ga babba, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma a cikin wannan lissafi har da wanda ke cikin dunƙulen miya, da yajin tsire, da ƙullin ɗanɗanon taliyar yara.