Hunturu da Ɓeraye: Yadda Magidanta a Maiduguri Za Su Kare Gidajensu

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a Maiduguri, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, sai magidanta su lura cewa sauro ya ragu, amma ɓarnar ɓera ta ƙaru. Wannan ba abin mamaki ba ne. Ciyawa ta bushe a daji, an kwashe amfanin gona, buhunan gero da dawa da wake sun dawo cikin gari. Ƙona daji da ake yi a wannan lokaci yana ƙara koro ɓeraye daga ramukansu. Cikin gida kuwa akwai ɗumi da abinci da ruwa, abubuwa uku da ɓera ke nema.

Matsalar ba ta tsaya ga huda buhu da cinye tufafi ba. Akwai wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomys, da ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa ba tare da shi ya yi ciwo ba. Yana zubar da ita cikin fitsari da kashinsa, mutum kuma ya kamu ta hanyar cin abincin da ya gurɓata, ko taɓa kayan da ɓeran ya ɓata, ko shaƙar ƙurarsu.

Cutar tana da tarihi a Jihar Borno. A garin Lassa da ke Ƙaramar Hukumar Askira/Uba aka fara gano ta a 1969, bayan wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya da ke aiki a asibitin mishan na garin ta kamu, aka kai ta Jos, ta rasu a can. Daga nan cutar ta samo sunanta. A 'yan shekarun nan, rahotannin Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, sun nuna cewa jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba ne suka fi yawan masu kamuwa, kuma adadin yakan kai ƙololuwa a watannin rani. Bauchi da Taraba suna shiyyar Arewa maso Gabas, don haka Maiduguri ba ta da dalilin yin sakaci.

Akwai kuma wani dalili na musamman. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024 ta raunana gine-gine da yawa a unguwanni irin su Gwange da Gamboru. Katangar da ta tsage da daɓen da ya zaizaye ƙofofi ne a buɗe ga ɓera, idan ba a gyara su ba.

Matakin farko shi ne hana ɓera abinci. Hatsin da za a ci a hankali a zuba shi cikin duro ko bokiti mai murfi mai kamawa sosai. Buhunan da suka rage a ɗora su bisa katako, nesa da bango, yadda za a iya leƙa bayansu. Busasshen kifin da aka sayo daga Tashar Baga, da ƙuli-ƙuli da gyaɗa, kada su kwana a buɗe. Haka ma randar ruwan sha. A wanke kwanukan tuwon dare kafin a kwanta, domin ragowar abincin da ke ciki ita ce ke kiran ɓera da kyankyaso. Masu shanya gari ko kuɓewa a ƙasa ko a bakin titi su koma yin hakan bisa wuri mai tudu, su kuma kwashe kafin faɗuwar rana.

Mataki na biyu shi ne toshe hanya. Ƙaramin ɓera na iya kurɗawa ta kafar da ba ta wuce kaurin fensir ba. A duba ƙasan ƙofofi, da inda bututun ruwa ya ratsa bango, da bakin magudanar tsakar gida, da mahaɗar kwano da katanga. Tsumma da kwali ba sa tare ɓera. Siminti da ragar ƙarfe su ne ke yi. Tarin itace da tsofaffin tayoyi da bola a nesanta su da ɗakunan kwana. Tun da ɓera bai san iyakar gida ba, wannan aiki ya fi tasiri idan maƙwabta suka yi shi tare.

Mataki na uku shi ne tarko, wanda ake ɗanawa a jikin bango inda aka ga kashin ɓera. Wanda ya mutu kada a ɗauke shi da hannu tsirara. A sa leda a hannu, a ƙulle shi, a binne. Kashin ɓera kuma kada a share shi a bushe, musamman a wannan lokaci na ƙura. A jiƙa wurin da ruwan bilic, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa, a jira mintoci biyar, sannan a goge, a wanke hannu da sabulu.

Guba ita ce ya kamata ta zo ƙarshe, domin a hunturu ana rufe tagogi, hayaƙin magani ba ya samun mafita. A 2019 Hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper a kasuwanni da kantuna, kasancewar an yi shi ne domin gona. Ƙwayar Phostoxin da ake sakawa cikin wake tana fitar da iska mai kisa, don haka buhun da aka saka wa ita bai dace ya kasance kusa da inda mutane ke kwana ba. Buhunan PICS masu ruɓi uku suna kashe ƙwarin hatsi ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Shi kuwa kuɗin cizo da ke ɓuya cikin barguna da katifu, wanke kayan da ruwan zafi da shanya su a rana yana rage shi ƙwarai.

Alamomin Lassa kan bayyana cikin makonni uku bayan kamuwa, kuma da farko suna kama da na zazzaɓin cizon sauro ko taifot: zafin jiki, ciwon kai, ciwon maƙogwaro da kasala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa nuna wata alama, amma ga sauran cutar kan yi tsanani, wasu da suka warke kuma sukan rasa ji. Duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, a garzaya da mai shi asibiti, a kuma shaida wa likita idan akwai ɓeraye a gidan. Ana iya kiran NCDC kyauta a lamba 6232. Zuwa da wuri shi ne ke ƙara damar warkewa.