Ƙurar hunturu da fentin mota: laifin tsumma ne

Jama'a, ni a Sheda nake zaune, bakin titin Abuja zuwa Lokoja. In hunturu ya kama, kafin azahar mota ta yi futu-futu. Da can busasshen tsumma nake sa mata. Sai da na kai ta kasuwa, dillali ya nuna min zane-zane a bonet cikin rana, ya zaftare kuɗi, sannan na gane ɓarnar.

Ƙurar nan ɓarɓashin yashi ce. Saman fenti kuwa akwai wani siririn rufi mai sheƙi, shi tsumman ke kartawa.

Yanzu a inuwa nake wanki, in ƙarfen ya huce. Ruwa zalla tukuna, daga sama zuwa ƙasa. Bokiti biyu: na sabulun mota, da na ɗauraye soso. Omo kam na daina, yana cinye kakin da ke kare fentin. Folish kuma ba na kullum ba ne, don kankare rufin yake kaɗan-kaɗan. Kakin nake sabuntawa in ruwa ya daina dunƙulewa a jiki.

'Yan'uwa na Legas, ku da iskar teku, gishiri ne naku. Ku riƙa ɗauraye ƙarƙashin motar.