Yadda A Ke Gano Ɗingishin Injin Mota

Injin mota mai silinda 4 kamar mata huɗu ne masu lugude a turmi guda, kowace da lokacin saukar taɓaryarta. In ɗaya ta fasa, nan da nan kunne ya ji. Haka ya ke in fetur ya ƙi kamawa a silinda ɗaya: inji ya dinga makyarkyata, ƙarfinsa ya ragu, ɗanyen fetur ya bi salansa a banza.

Galibi laifin wuta ne. Batir bolt 12 kaɗai ya ke bayarwa, kwayil ke ɗaga wutar ta haura bolt 10,000, ta isa fulogi, shi kuwa ya yi tartsatsin da ke kunna fetur.

To, kafin a kashe ko kwabo, a fara gano silindar da ta fasa. A tsohuwar mota, a bar inji yana aiki, a zare wayoyin fulogi ɗaya ɗaya da filaya mai hannun roba, gama wutar tana fizga ƙwarai. Wadda aka zare muryar inji ba ta sake ba, nan ciwon ya ke. Motocin yanzu kuwa kwamfutarsu kan faɗi silindar in an jona na'urar bincike.

Sa'an nan a musanya fulogin da na maƙwabciyarta. In ɗingishi ya bi shi, fulogi ne ya mutu. In ya tsaya inda ya ke, a tuhumi waya ko kwayil. In wuta lafiya lau, sai a koma kan hanyar fetur da bawul. Sanin wurin bugu shi ne ƙira.